Manhajar sulhu da rabon riƙon yara: yadda na same ta a matsayina na lauya

Yawancin mutanen da suke zuwa ofishin lauya a kan mutuwar aure ba neman takardar saki ne yake kawo su ba, domin kafin su iso galibi auren ya riga ya mutu a zuci, wani lokaci har an furta da baki. Abin da yake kawo su shi ne ragowar da rabuwa take bari: wa zai riƙe yara, wa zai biya kuɗin makaranta da na asibiti, yaushe wanda ba ya riƙon zai ga 'ya'yansa, kuma gida ko sana'ar da aka tara tare a hannun wa za su zauna. Waɗannan ne suke cinye lokacin kotu, su ne kuma suke cinye aljihun mutane, har ta kai wasu sukan kashe a wajen shari'a fiye da abin da suke jayayya a kansa. Saboda haka duk abin da aka fito da shi da sunan rage wannan wahala, wajibi ne lauyan da yake aikin shari'ar iyali ya gwada shi da kansa kafin ya yabe shi ko ya kushe shi.

Abin da zan yi bayani a kai wata manhaja ce ta waya da aka yi domin iyayen da suka rabu, wadda kuma take haɗe da hidimar sulhu ta intanet. Ire-irenta suna da yawa, kuma a Amurka irin su OurFamilyWizard da TalkingParents sun yi suna har alƙalai sukan umarci iyaye su riƙa magana ta cikinsu. Wadda nake magana a kai ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, kuma ba zan ambaci sunanta ba, domin misalan da zan kawo daga shari'un da suka bi ta hannuna suka fito, kuma amanar waɗanda na wakilta ta fi komai nauyi a wurina. Ba ni na nemo ta ba tun farko. Lauyan ɗaya ɓangaren ne ya kawo shawararta a wata shari'ar riƙon yara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ni kuma na amince ne don kada a ce ɓangarenmu ne ba ya son zaman lafiya. Daga nan na ci gaba da amfani da ita a wasu shari'un, har na san inda take taimakawa da inda take iya jefa mutum a rami.

Abu mafi daraja a cikinta shi ne akwatin saƙonni, kuma darajarsa a abu ɗaya take: abin da aka aika ba ya goguwa, ba ya gyaruwa, kuma manhajar tana rubuta lokacin da aka aika da lokacin da aka buɗe. Wanda bai taɓa zama ya tace hujjojin shari'ar iyali ba, ba zai san girman wannan ba. A da, abin da ake kawo mini shi ne tarin hotunan allon waya daga WhatsApp, an datse sama an datse ƙasa, an ɗauko zagin da aka yi wa mutum an bar wanda shi ya fara yi, babu kwanan wata, wani lokaci ko lambar mai aikawar babu. Ɗaya ɓangaren shi ma ya zo da nasa tarin, a yi ta musu a gaban alƙali a kan wane saƙo ne ya riga wani, zaman kotu na yini guda ya tafi a banza. A wannan manhaja kuwa wuri ɗaya ake dannawa ta fitar da dukan hirar a jere, shafi bayan shafi, kuma abin da wannan ɓangare ya samu shi ɗaya ɓangaren zai samu. Ko alƙali zai karɓe ta a matsayin hujja ya danganta ga dokar shaida ta ƙasar da ake ciki, musamman ƙa'idojin da suka shafi takardun da kwamfuta ta fitar, amma aƙalla an toshe ƙofar "ban ce ba" da "ban gani ba".

Abin da ya fi wannan amfani shi ne yadda sanin hakan yake ladabtar da masu rubutun. Wani uba da na wakilta, mutum mai saurin fushi amma ba mugu ba, ya saba aika wa tsohuwar matarsa dogayen saƙonni cikin dare, da safe ya bi ya goge. Ranar da na nuna masa manhajar ya tambaye ni, "Barista, wato in na aika shi ke nan, ba cirewa?" Na ce masa shi ke nan, kuma ya sa a ransa cewa duk abin da ya rubuta wata rana alƙali ne zai karanta shi da tabarau a hanci. Ya yi jim, sannan ya ce, "To, ai dama magana zarar bunu ce." Bayan wasu makonni da na duba akwatinsa, saƙonnin sun koma layi biyu ko uku: zan zo ɗaukarsu ƙarfe kaza, likita ya canza wa ƙaramar maganin tari, malamin lissafi yana neman ɗayanmu. Ba son juna suka koma yi ba, amma sun daina ba lauyoyinsu aiki, kuma wannan ci gaba ne ko da bai yi wa aljihun lauyoyin daɗi ba.

Kamfanin ya fi tallata wani ɓangare da yake karanta saƙo kafin a aika, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da ya ga suna da zafi, ya tambayi mai rubutun ko zai sake tunani. Da Turanci yana ɗan taɓukawa, yana kama ashar da barazana ta fili. Da wasu harsunan kuwa, har da namu, makaho ne, kuma ko da an koya masa kalmomin ban ga yadda zai yi da habaici ba. Na taɓa karanta saƙon wata uwa da ta rubuta wa uban 'ya'yanta, bayan ya aiko da rabin abin da kotu ta yanka masa: "Mun ga saƙo, an gode ƙwarai, Allah ya saka maka da irin abin da ka yi mana." Manhajar ta bar shi ya wuce a matsayin godiya, shi kuwa mutumin sai da ya kira ni yana huci. Mutanen da suka zauna shekaru a ƙarƙashin rufi ɗaya ba su buƙatar ashar kafin su soki juna a inda yake ciwo, kuma gugar zana ba ta da kalmar da inji zai ja wa layi.

Littafin kashe kuɗi yana da kyau a tsarinsa. Wanda ya biya wani abu yakan ɗauki hoton rasit ya sa, ɗayan ya amince ko ya ƙi tare da dalili, manhajar ta tara lissafi. Na ga wannan ya buɗe idon iyaye maza da dama da ba su taɓa sanin sau nawa yaro yake canza takalmi a shekara ba. Aibinsa shi ne bai bambanta abin da yake wajibi da abin da yake kyauta ba. Wani uba ya saya wa babban ɗansa waya mai tsada ya shigar da rasit ɗin, lissafin ya nuna kamar uwar ce ake bin bashi a kanta, shi kuma ya kafa hujja da wannan ya ƙi biyan kuɗin makaranta na wannan zango. Kuɗin ciyarwa da kotu ta yanka haƙƙin yaro ne, ba a rage shi da kyautar da uba ya ga damar yi, amma lambar da take bayyana a allo da jan launi tana da kwarjinin da sai da na yi zama biyu kafin na kawar da shi daga zuciyar mutumin. Kalandar rabon kwanaki kuwa tana aikinta, sai dai ba ta san bukukuwan da suke bin lissafin wata ba, dole a riƙa shigar da su da hannu kowace shekara.

Hidimar sulhun ita ce abin da ya fi jan hankalina da farko, domin sulhu tsohon ginshiƙi ne a shari'ar iyali. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tura mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan aka ji tsoron ɓaraka, kuma dokokin ƙasashe irin su Masar da Moroko sun shigar da wannan tsari cikin aikin kotu. Jihar Kalifoniya ta wajabta sulhu a rikicin riƙon yara tun 1981, Ostireliya ta yi irin wannan da gyaran dokarta na 2006, a Ingila kuma tun 2014 ba a shigar da yawancin ƙararrakin yara da na dukiya sai an fara zama da mai sulhu an ji bayanin abin da sulhu zai iya yi. Dalilin duk ɗaya ne: hukuncin da aka ƙaƙaba wa mutum yakan nemi hanyar kauce masa, abin da ya amince da bakinsa kuwa yakan ji kunyar karya shi. Masu sulhun da na haɗu da su ta wannan manhaja, in ban da ɗaya, sun san aikinsu. Suna da haƙuri, ba su ɗaukar ɓangare, kuma tsarin kiran bidiyon yana ba su damar raba mutanen biyu zuwa ɗakuna dabam, su riƙa kai-komo a tsakani idan haɗuwar ta yi zafi. Ga iyayen da suke zaune a garuruwa ko ƙasashe dabam, wannan sauƙi ne babba.

Matsalar farko da na gani a nan ta ginin manhajar ce, kuma lauya ne kawai zai lura da ita da wuri. Manhajar ta haɗa abu biyu da doka take yi wa kallo mabambanci. Akwatin saƙonni an yi shi ne don ya zama hujja. Ɗakin sulhu kuwa, wato ɓangaren manhajar da ake tattaunawar sasanci a ciki, amfaninsa gaba ɗaya a sirrinsa yake, domin a dokokin ƙasashe da yawa tayin da mutum ya yi a wajen sasanci ba a kawo shi gaban alƙali a matsayin amsa laifi ko sallama haƙƙi, in ba haka ba babu wanda zai yarda ya sassauta. A wayar kuwa, a wancan lokacin, wuraren biyu suna gefen juna, launinsu ɗaya, kuma babu gargaɗin da yake fitowa. Wata mata da na wakilta, bayan an tashi daga zaman sulhu cikin dare, ta rubuta cewa za ta iya haƙura da rabonta na gidan idan za a bar mata yaran. Ta zaci a ɗakin sulhu take rubutun, ashe a akwatin saƙonni ne. Kafin mako ya zagayo shafin yana cikin takardun da lauyan mijin ya shigar. Na yi jayayya cewa maganar ci gaban sasanci ce kuma bai kamata a dube ta ba, alƙali ya yarda da ni, amma ya riga ya karanta, kuma abin da ido ya gani ba a cire shi da umarnin kotu.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Sulhu yana aiki ne idan mutanen biyu suna iya cewa a'a. Inda ɗaya yake tsoron ɗaya, abin da za a samu ba yarjejeniya ba ce, sallamawa ce da aka sa wa hannu. Wannan ne ya sa dokokin Ingila da na Ostireliya da suka wajabta zuwa wurin mai sulhu suka kuma cire wanda aka ci zarafinsa a gida daga wannan wajibci, kuma a 2015 Ingila ta mayar da takurawa da mallake abokin zama laifi mai zaman kansa, ko da babu duka. Abin da manhajar take yi don tantance wannan shi ne tambaya ɗaya a takardar rajista, mai amsar "e" ko "a'a", a kan ko akwai tarihin cin zarafi. Duk wanda ya yi aiki da irin waɗannan mata, da kuma mazan da abin yakan faɗa wa, ya san cewa galibi "a'a" za su zaɓa, wasu don kunya, wasu don ba su ɗauki abin da ake yi musu a matsayin cin zarafi ba, wasu kuma don mai yin abin yana tsaye a kansu lokacin da suke cike takardar.

Na halarci wani zama a matsayin mai sauraro, da izinin kowa, inda mijin ya shigo daga motarsa, matar kuma daga ɗaki. Duk abin da aka kawo sai ta ce, "Babu komai, hakan ya yi." Ba ta yi musu ko sau ɗaya ba, har a kan abin da ta yi kuka a kansa a ofishina kwana biyu kafin nan. Abin da na lura da shi shi ne kafin kowace amsa idonta yakan kauce daga kyamara zuwa gefen hagu, ya dawo. Mai sulhun ya yaba musu a kan saurin fahimtar juna, ya fara karanto abin da aka cimma. Na nemi a dakata, na kira ta a wani layin na tambaye ta, "Hajiya, ke kaɗai ce a ɗakin?" Ta daɗe kafin ta ce yayan mijin yana zaune a bakin ƙofa, wai ya zo duba yara. A ofis da ido da ido wannan ba zai faru ba, domin mai sulhu yana ganin wanda ya rako kowa, yana ganin hannun da yake rawa a ƙarƙashin tebur. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma kyamarar waya rabin fuska take nunawa, ɗakin kuma ba ta nuna shi sam. Ba laifin bidiyo ba ne shi kaɗai, domin da an horar da masu sulhun su fara ganawa da kowane ɓangare shi kaɗai, su nemi ya zagaya da kyamara ya nuna ɗakin, da an rage haɗarin sosai.

Inda na fi samun saɓani da kamfanin shi ne takardar da manhajar take fitarwa a ƙarshe. Tana yin tambayoyi a kan sunaye, ranar aure, yawan yara, gida, mota, bashi, sannan ta haɗa takarda mai kyan gani da ta kira yarjejeniyar ƙarshe, da wurin sa hannu a allo. Tambayar da ba ta yi ba ita ce wadda kowane lauya yake fara yi kafin baƙonsa ya gama zama: a ƙarƙashin wace doka aka ɗaura auren, kuma wace kotu ce take da hurumi a kansa? Amsar wannan ita take yanke komai. A cikin Najeriya ma akwai auren rajista, da auren Musulunci, da na al'ada, kuma na rajistar Babbar Kotu ce kawai take raba shi a ƙarƙashin dokar 1970, wadda ta hana shigar da ƙarar saki a cikin shekara 2 na farko sai da izinin kotu, in ban da wasu dalilai da ta keɓe. A Tunisiya tun 1956 babu sakin da yake aukuwa a wajen kotu. A Moroko, bayan gyaran dokar iyali na 2004, miji sai ya nemi izinin kotu, kuma ya ajiye haƙƙoƙin mata da na yara a cikin kwana 30. A Ingila tun 6 ga Afrilu 2022 ya isa mutum ya bayyana cewa auren ya mutu ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, amma sai an jira mako 20 kafin hukuncin farko, da wani mako 6 kafin na ƙarshe. A Filifin kuwa wanda ba Musulmi ba har yau ba shi da hanyar saki a dokar ƙasa. Takarda ɗaya ba za ta dace da duk waɗannan ba.

Da na karanta daftarin a tsanake sai na gane daga inda tunaninsa ya fito. Ya ɗauka cewa duk abin da aka samu a lokacin aure raba shi biyu ake yi, wanda shi ne tsarin Kalifoniya da wasu wurare, alhali a shari'ar Musulunci dukiyar miji dabam, ta mata dabam, a wasu ƙasashen kuma alƙali ne yake auna abin da ya ga adalci ne bisa buƙata da gudummawar kowa. Babu gurbin sauran sadaki a ciki, babu na ciyarwa da wurin zama a lokacin idda, babu bambanci tsakanin sakin da miji ya yi, da khul'in da mata ta nema, da raba auren da alƙali ya yi saboda cutarwa, alhali kowanne yana da abin da yake jawowa a kan kuɗi. Maganar reno ma haka: a mazhabar Malikiyya uwa tana riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma tana kan uba, a mazhabar Hanafiyya kuwa shekarun sun fi haka gajarta nesa ba kusa ba. Manhajar mako ɗaya a nan mako ɗaya a can kawai ta sani, sai a gyara da hannu.

Kalmar "ƙarshe" da aka sa a kan takardar ita ta fi ba ni tsoro, domin mutane suna gaskata ta. A wurare da yawa yarjejeniyar da ma'aurata suka rubuta a tsakaninsu ba ta rufe ƙofar ƙara sai kotu ta duba ta ta mayar da ita umarni. Shari'ar Wyatt da Vince a Ingila ta isa misali. An raba aurensu a 1992 lokacin da babu wanda ya mallaki komai a cikinsu, babu kuma umarnin kotu da aka samu da ya rufe maganar dukiya. Daga baya Dale Vince ya kafa kamfanin wutar lantarki na iska ya zama attajiri, a 2011 Kathleen Wyatt ta shigar da ƙarar neman kaso, a 2015 Kotun Ƙoli ta ce ƙarar tana iya ci gaba, aka ƙare da sasanci a kan fam 300,000. Wanda ya sa hannu a allon waya ya ga an rubuta masa "an kammala" zai tafi da zaton ya huta, alhali tsugune ba ta ƙare ba. Gaskiya ne akwai layi a ƙasan shafi na ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, da yake cewa a nemi shawarar lauya, amma wanda ya gaji da rigima ba ya karanta ƙananan baƙaƙe.

Sannan manhajar tana rubuta duk abin da aka gaya mata, ko da doka ba za ta yarda da shi ba. An kawo mini daftarin da uwa ta yafe kuɗin ciyar da yara har abada a madadin miji ya sake ta, an tsara shi da lambobi kamar kowane sharaɗi. Dokar khul'i ta Masar ta 2000 ta faɗa a fili cewa ba a biyan fansar khul'i da riƙon yara ko ciyar da su ko wani haƙƙi nasu, kuma ko a inda ba a rubuta shi haka ba, kotuna ba su ɗaukar kansu a ɗaure da abin da iyaye suka shirya idan ya saɓa wa maslahar yaro. Haka kuma akwai wani gurbi da yake zuwa a cike tun daga kamfani, wanda yake ba kowane ɗaya daga iyayen damar fita da yara ƙasar waje idan ya sanar da ɗayan. Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne. Ga iyalin da ɗayansu yake da fasfo na wata ƙasa kuwa, wannan layi yana iya zama sanadin rabuwa da yaro na shekaru. Yarjejeniyar Hague ta 1980 ta tanadi hanyar dawo da yaron da aka tsallaka da shi ba bisa ƙa'ida ba, ƙasashe fiye da 100 sun shiga, amma da yawa ba su shiga ba, kuma ko a tsakanin waɗanda suka shiga, amincewar wanda aka bari a baya tana cikin hujjojin da ake kare kai da su. Sharaɗi irin wannan kamata ya yi ya zo a buɗe, a tilasta wa mutum ya karanta kafin ya zaɓa.

Yaran da ake yin duk wannan dominsu ba su da gurbi a ko'ina cikin tsarin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 12, ta ce a ji ra'ayin yaron da ya kai ya bayyana shi a kan abin da ya shafe shi. Ba na cewa a ba yaro lambar sirri ya shiga ya karanta rigimar iyayensa, wannan zalunci ne, amma mai sulhu da aka horar yana iya ganawa da ɗan shekara goma sha uku ya ji ta bakinsa, kuma hidimar ba ta tanadi haka ba ko da an nema.

Game da biyan kuɗi, kowane ɗaya daga iyayen yana biyan nasa rajistar dabam, kuma idan ɗaya ya daina biya ba ya iya aika saƙo, sai karantawa. Na ga wanda ya yi amfani da wannan da gangan, ya bar rajistarsa ta mutu, sannan ya ce ba shi da hanyar amsawa. Saboda haka duk lokacin da za a sa manhajar a cikin umarnin kotu, nakan nemi a rubuta wanda zai biya, da abin da zai biyo baya idan bai biya ba, da kuma cewa kowane ɓangare zai sauke kwafin bayanansa duk ƙarshen wata, domin kamfani yana iya rufewa, shari'ar yaro kuwa tana iya dawowa bayan shekara goma.

A yanzu ina ba waɗanda nake wakilta shawarar amfani da akwatin saƙonni da kalanda ba tare da wani ɗar ba, littafin kuɗi kuma bayan na bayyana musu bambancin wajibi da kyauta. Ɗakin sulhu ina yarda da shi ne kawai bayan na zauna da mutum shi kaɗai na tabbatar ba tsoro ne yake magana da bakinsa ba. Na rubuta wa kamfanin a kan abubuwa uku: su raba launin wuraren rubutu biyun, su cire alamar da take zuwa a cike a gurbin tafiya da yara, su kuma sa tambayar irin auren a farkon takarda. Sun amsa cikin ladabi, kuma a sabuntawar da ta biyo baya ɗakin sulhu ya koma kore, da gargaɗi a samansa. Sauran biyun suna nan yadda suke, saboda haka duk wanda ya ce mini manhajar ta fitar masa da yarjejeniya, nakan ce ya bugo ta a takarda ya kawo mini ofis, kuma kada yatsansa ya taɓa wurin sa hannu kafin ya iso.